Album, single, bidiyo: me ya sa waƙoƙinmu ke ɓacewa?

Daga nan Zango nake muku magana kamar kullum. Yau hirar tamu kan waƙa ce, musamman kalmomi uku da muke yawan ji: album, single da bidiyo. Da yawa muna ɗaukarsu abu guda, alhali kowanne da aikinsa.

Bari in fara da misali daga Amurka. Akwai wani salon kiɗa da suke kira pop punk: jita mai lantarki, ganguna da sauri, waƙa gajera kamar minti uku, galibi kan damuwar matasa. Cikin manyan ƙungiyoyin salon akwai Green Day, mutum uku daga jihar Kalifoniya. A 1994 suka fitar da album mai suna Dookie. Daga cikinsa suka zaro waƙoƙi irin su Longview da Basket Case, suka sake su ɗaya bayan ɗaya, kowacce da bidiyonta a tashar MTV. A 2004 kuma suka yi American Idiot, inda suka caccaki siyasar ƙasarsu lokacin yaƙin Iraƙi.

To ka ga tsarin. Single ita ce ɗanɗano, kamar yankan tsiren da mai nama ke miƙo maka kafin ka saya. Bidiyo shi ke sa a san fuskarka. Album kuwa shi ne rumbu: waƙoƙi goma ko fiye a wuri guda, da suna, da shekara, da sunayen duk wanda ya sa hannu. Shi ya sa yau yaron da ba a haifa ba a 1994 zai iya jero ayyukan Green Day daga farko har ƙarshe.

Kar wani ya ce ai wannan sai Turawa. Mu a Zango iyakar Nijar na nan kusa da mu, to ku leƙa can. A Yamai akwai ƙungiyar Tal National, wadda wani makaɗin jita da ake kira Almeida ya kafa a 2000, mutumin da kuma ya yi aikin alƙalanci. Jita ce da ganguna da kalangu, kiɗa mai gudu, suna rerawa da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci da Buzanci. Da farko a titunan Yamai suke sayar da faifansu. Daga baya kamfanin FatCat na Ingila ya fitar musu da Kaani a 2013, Zoy Zoy a 2015, sai Tantabara a 2018. Da waɗannan album ɗin aka san su a waje, har suka je Amurka suka yi wasa. Wanda zai gayyace ka yana son ya ga aiki a jere, ba guntu-guntu ba.

Mu fa a nan? Single da bidiyo sun karɓe kasuwa. Kowa ya tuna yadda Jaruma ta Hamisu Breaker ta cika wayoyi a 2020, da yadda Warr ta Ado Gwanja ta tashi a 2022. Wannan ba laifi ba ne, haka zamani ya zo. Matsalar tana wajen ƙananan mawaƙa. Yaro zai tara kuɗi ya hau mota zuwa Daura ko Kano, ya shiga situdiyo, ya fito da waƙa, ya watsa a WhatsApp. Masu tura waƙa a shagon caji su sauya mata suna, wani ya yanki sakan talatin ya ɗora a TikTok. Bayan shekara biyu waya ta lalace, shi kenan, aiki ya bi ruwa. Ko an ji waƙar ana so, ba a san mai ita ba.

Kuma ciwon ba sabo ba ne. Dubi Alhaji Mamman Shata, ɗan jiharmu, da ya rasu a 1999. Duk girmansa, har yau ana gardama kan adadin waƙoƙinsa, domin ba a jera su tun yana yi ba.

Saboda haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kuna waƙa, ga abin yi. Duk waƙar da ka gama, rubuta sunanta, ranar fita, wanda ya rubuta da wanda ya buga kiɗa. Karɓi asalin fayil ɗin daga situdiyo, ka ajiye a wuri biyu. Ɗora ta a YouTube ko Audiomack da sunanka kafin ka tura wa kowa. In sun kai takwas ko goma, haɗa su ka raɗa musu suna. In kuma ƙungiya ce, ku zauna ku rubuta yadda za a raba kuɗi tun ba a samu ba.

Ku faɗa mana a ƙasa: wane mawaƙi ne a unguwarku aka taɓa yayin waƙarsa, yanzu ko an nema ba a samu? Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.