Me Aka Saya da Dala Miliyan 17?

Ga wani kacici-kacici. Ranar 26 ga Oktoba, 2017, a birnin New York na Amurka, kamfanin gwanjo na Phillips ya fito da wani tsohon agogon hannu ƙirar Rolex Daytona. Mai gwanjon, Aurel Bacs, ya buɗe ciniki a kan dala miliyan 1. Bai gama rufe baki ba wani ya taya miliyan 10 ta wayar tarho. Bayan minti 12 guduma ta sauka, kuɗi suka tashi dala 17,752,500. Agogon nan kuwa, da yana sabo a ƙarshen shekarun 1960, 'yan ɗaruruwan daloli ake sayar da irinsa. To, mene ne a jikinsa?

Zargina na farko zinare ne. Kai ma na san can hankalinka ya tafi: ƙila an zuba masa lu'ulu'u, ƙila murfinsa farin zinare ne. Sai mu duba. Ƙarfe ne marar tsatsa, irin wanda ake cokali da shi. Babu dutse mai daraja ko ɗaya, kuma ga alamun shan hannu a jikinsa. Da za a narkar da shi a kai wa masu awon ƙarfe, kuɗin mota ma ba zai fita ba. Mun sallami zinare. Saura wa?

To ko daidaiton lokaci ne? Ai aikin agogo ke nan. Nan ma akwai magana. Agogon da ake wanawa, idan ya ci jarrabawar hukumar COSC ta ƙasar Siwizalan, an yarda ya yi jinkirin daƙiƙa 4 ko gaggawar daƙiƙa 6 a rana guda. Shi kuwa Casio F-91W, ɗan baƙin agogon roba da ya fito a 1989, wanda ke cike da tiren masu talla, kuskurensa kamar daƙiƙa 30 ne a wata. Lissafa da kanka. Na robar ya fi faɗin gaskiya. Wanda ake tuhuma na biyu ma ya kuɓuta.

Yanzu na fara gumi. Ƙila gwanintar maƙera ce. A buɗe bayan agogon a ga injin. An buɗe. Ashe ba Rolex ne ya ƙera shi ba. Sayo shi ya yi daga kamfanin Valjoux, wanda ke sayar wa wasu kamfanonin irin wannan injin. Ƙarancinsa fa? Gaskiya masu irin fuskarsa ba su da yawa, don a zamaninsu kwantai suka yi a kantuna. Amma 'yan uwansa na nan, ana cinikinsu, kuma babu wanda ya ko kusanci wannan kuɗi. Zinare ya fita. Lokaci ya fita. Inji ya fita. Me ya rage?

Mayar da murfin bayan. Kada ka ajiye. Juyo shi wajen haske. Akwai rubutu.

Kalmomi uku ne aka zana a kan ƙarfen, saƙon mata ga mijinta cewa ya yi tuƙi a hankali. Matar ita ce Joanne Woodward, 'yar fim. Mijin kuwa Paul Newman ne, tauraron Hollywood da tseren mota ya shiga ransa tun fim ɗin Winning na 1969, har ya zo na biyu a gasar Le Mans ta Faransa a 1979. Shekara da shekaru agogon na ɗaure a hannunsa, masu hoto na ɗauka, har masu tara agoguna suka laƙaba wa duk mai irin wannan fuskar sunansa. Sai a 1984 agogon ya ɓace daga idon duniya. Ashe Newman ne ya tambayi James Cox, saurayin 'yarsa Nell, ƙarfe nawa. Yaron ya ce ba shi da agogo. Nan take ya kwance nasa ya miƙa masa. Fiye da shekara 30 masu nema na cigiya, abin na hannun Cox. Ka ga abin da aka saya: soyayyar mata, hannun tauraro, kyautar girma, da doguwar ɓata. Labari ne ya ci miliyan 17.

Kuma ba a kan wannan agogon aka fara ba. A Disambar 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da Astron, agogon hannu na farko mai batir da dutsen kwaz. Cikin 'yan shekaru daidaiton lokaci ya zama kayan araha, ma'aikatan agogo a Siwizalan suka ragu daga kusan 90,000 zuwa kusan 30,000. Waɗanda suka tsira sai suka canza haja. Suka daina tallar lokaci, suka koma tallar tarihi, suna da aikin hannu.

To, kwalliya na biyan kuɗin sabulu? Ya danganta da abin da ka je nema. In don sanin lokacin salla da na ofis ne, na roba ya ishe ka. In don riba ne, tuna cewa farashin irin waɗannan agoguna a kasuwar na-hannu ya kai ƙololuwa a farkon 2022, sannan ya yi ta zamewa, waɗanda suka shigo a makare suka ji a jikinsu. Amma in labari ne da suna kake so, kuma aljihunka zai ɗauka ba tare da tukunyar gida ta huce ba, babu wanda ya cuce ka. Sharaɗin ɗaya ne: kafin ka biya, ka tambayi kanka nawa ne kuɗin agogon, nawa ne kuɗin labarin.