Idan Hoton Ƙirji Ya Nuna Ƙari: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kan Gwajin Allura

A asibitocin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, duk wanda ya zo da tarin da ya wuce mako biyu, ga rama, ga zufar dare, tarin tibi ake fara zato. Zaton yana kan hanya, domin a Afirka babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu wannan cuta. Sai a gwada kaki, a ɗora mutum kan maganin wata shida, kyauta. Akasari a nan maganar take ƙarewa.

Wasu kuwa gwajin kakinsu ba ya nuna ƙwayar tibi, amma hoton ƙirji ya nuna wani farin dunƙule a huhu, sai a ce a fara maganin a gani. Wata biyu, wata uku, tari na nan, jini ya fara biyo kaki, murya ta dushe, nauyi sai raguwa yake yi. Irin wannan mara lafiya bai kamata a jira ya cika wata shida ba kafin a tura shi gaba, musamman in ya daɗe yana shan taba, ko ya yi aikin haƙar ma'adinai cikin ƙura, ko mace ce da ta yi shekaru tana shaƙar hayaƙin murhu.

Hoto, komai kyansa, siffa kawai yake nunawa. Dunƙulen nan yana iya zama tibi da ya taru wuri guda, ko ƙurji, ko ƙari marar illa. Yana iya zama kansar huhu, ko kansar da ta taso daga nono ko hanji ta sauka a huhu. In a tsakiyar ƙirji yake, tsakanin huhun dama da na hagu, yana iya zama kansar kaluluwa, wadda sau da yawa take jin magani sosai. Kowanne da maganinsa, kuma babu likitan kirki da zai ɗora mutum kan kemo ko gashi a kan zato. Dole a samo ɗan naman wurin a duba.

Da, sau da yawa sai an buɗe ƙirji. Tun a 1930 likitoci biyu a Amurka, Martin da Ellis, suka bayyana yadda suke zuƙo ƙari da allura, amma abin bai zauna sosai ba sai da na'urar siti-sikan ta zo a 1971, kuma zuwa 1976 an fara bin hotonta ana shiryar da allura cikin jiki.

Ga yadda ake yi. Mara lafiya zai kwanta a gadon na'urar, rigingine ko rub-da-ciki ko a gefe, gwargwadon inda ƙarin yake. A ɗauki hoto, a auna zurfi, a sa alama a fata. A wanke wurin, a yi allurar kashe zafi. Ba a sa mutum barci, don ana bukatar haɗin kansa: likita zai ce "riƙe numfashi", ya tura allurar kaɗan tsakanin haƙarƙari biyu, a sake hoto a ga inda bakinta ya kai, ya gyara, ya ƙara turawa. Idan ta isa, sai a ji wata 'yar ƙara, ƙas! Kada a zabura. Allurar ce ta gutsuro naman. Abin da ke fitowa bai fi guntun tsinken tsintsiya ba, tsawonsa santimita 1 zuwa 2. Akan ɗebi biyu ko uku. Wani lokaci da siririyar allura ake zuƙo ƙwayoyin ƙarin kawai. Duka aikin yakan ci rabin awa zuwa awa guda, ba ɗinki, sai filasta.

In ƙarin ya manne da bangon ƙirji, na'urar sikanin irin wadda ake duba masu juna biyu da ita ma ta isa, ta kuma fi araha. Amma ba ta gani ta cikin iska, don haka ƙarin da ya nutse cikin huhu sai siti-sikan. Wanda ke kusa da manyan hanyoyin iska kuma, ta maƙogwaro ake zura siririn bututu mai kyamara a kai gare shi.

A nan ne dangi kan ja baya. Maganar da ta zauna a bakin mutane ita ce ciwon daji, wato kansa, ba ya son allura, da ƙarfe ya taɓa shi sai ya bazu. Ana iya gane inda ta samo asali: mutane kan zo asibiti bayan an sha jiƙe-jiƙe, an yi ƙaho, ciwo ya riga ya ci jiki; a yi gwaji, bayan 'yan makonni rai ya yi halinsa, sai a ɗora wa allura. Gaskiya ne ƙwayar kansa na iya bin sawun allura, amma abu ne da da wuya ƙwarai ya faru. A ganina, watannin da ake ɓatawa ana shawara a zaure sun fi allurar haɗari nesa ba kusa ba.

Haɗarin da ya kamata a sani wani ne daban. Tunda allurar ta ratsa huhu, iska na iya zurarewa ta taru tsakaninsa da bangon ƙirji. Hakan na samun kusan mutum 1 cikin 4 ko 5, kuma yawanci jiki ne ke shanye ta da kansa. Kimanin 5 cikin 100 ne ake sa wa roba a ƙirji na 'yan kwanaki. Wasu kan tofar da ɗan jini, ya tsaya. Shi ya sa ake riƙe mutum awa biyu zuwa huɗu, a sake hoton ƙirji kafin a sallame shi.

Wannan yana da muhimmanci ga mutanen yankinmu, domin aikin na manyan asibitocin koyarwa ne, inda ake da likitan hoto, likitan ƙirji da mai duba nama a wuri ɗaya: na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, na Tarayya a Katsina, na Malam Aminu Kano. Mutumin Sabuwa sai ya bi Ɗandume ya faɗa Funtuwa kafin ya kama hanyar Zariya. Na Faskari ya fito ta Sheme. Iskar nan kuma tana iya taruwa awanni bayan sallama. Kada a yi allura da rana a ce sai an kwana gida, a kan hanyoyin da kowa ya san halinsu bayan magariba. A kwana kusa da asibitin, da ɗan rakiya. In numfashi ya fara sarƙewa ko ƙirji ya ɗau suka, a koma nan take. Sannan a yi 'yan kwanaki ba ɗaukar buhu, ba huɗa.

Naman da aka ɗebo ana jiƙa shi a ruwan magani, a daskarar da shi cikin wani kakin asibiti irin na kyandir, a yanka falle-falle, a rina, a duba da madubin likita. Sakamako yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, ya fi haka in ana bukatar ƙarin rini don tantance nau'i. Tantancewar tana da amfani: kusan kashi 15 cikin 100 na kansar huhu nau'i ne mai saurin yaɗuwa da ake tarba da kemo, saura kuma wasu ana iya yi musu tiyata, wasu har akwai ƙwayoyin sha da ke yi musu aiki. Wani lokaci sakamakon kan dawo da cewa tibi ne ashe. Wani lokaci kuma naman bai isa ba, a ce a maimaita, kuma wannan ba ya nufin an wanke mutum.

Kafin a tashi, a tuntuɓi asibitin a tabbatar da rana da kuɗin aiki. A tafi da takardar turawa, da katin maganin tibi, da duk tsofaffin hotunan ƙirji, don likita ya gwada na da da na yanzu ya ga ko ƙarin na girma. A kuma nuna masa duk maganin da ake sha, har na kemis da na gargajiya, domin masu tsinka jini irin su asfirin da wafarin akan ce a dakatar da su kwanaki kafin allurar.