Fentin Kirsimeti: Daga Bangon Ɗaki Zuwa Fuskar Yaro

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, an kai amfanin gona gida, an kuma yi sujadar godiya ta kaka, sai ka ga masu sayar da fenti a kasuwannin Jos, Kaduna, Kafanchan, Gombe da Yola sun fara fara'a. Kakarsu ce ta yanke saƙa. Duk mai bin da ya sami ɗan abin hannu so yake baƙin Kirsimeti su tarar da falonsa yana ƙyalli, dattawan ikilisiya kuma suna ta zama a kan ko za a sake wa majami'a launi ko a bar na bara. Lokacin kuwa ya dace da aikin, domin damina ta wuce, bango ya bushe, fenti yana kamawa. Sai dai a kula da ƙura. Ranar da hazo ya sauko, gara a bar fentin waje, in ba haka ba bangon zai fito da ƙuraje kamar an watsa masa gero.

Waɗanda suka girma a shekarun 1980 da 1990 za su tuna yadda ɗakunanmu suke. A raba bango biyu, a shafa wa rabin ƙasa fentin mai, shuɗi ko kore mai duhu, rabin sama kuma fentin ruwa fari ko ruwan madara, sannan a ja siririn layi a tsakani. A can sama kalandar ikilisiya da hoton ɗaurin aure. Yanzu yayi ya juya. Matasa masu sabon aure sun fi son ruwan toka, fari, da ruwan ƙasa mai haske. A fara shafe bango da farin ƙulli, a goge shi ya yi sumul, a ware bango guda a ba shi launi mai ƙarfi, a ɗora talabijin a jikinsa. Abin da kyau, ba musu. Amma yawancin hotunan da ake kwaikwayo daga wayar hannu na gidajen da ke da manyan tagogi ne da wutar lantarki dare da rana. Ɗaki ciki da falo mai taga ɗaya, in aka lafta masa ruwan toka mai duhu, da ƙarfe huɗu na yamma sai an kunna fitila kafin a karanta Littafi Mai Tsarki.

Tsohon yayin nan na raba bango ma ba ƙauyanci ba ne. Yara a rabin ƙasa suke dafawa da hannun miya, nan kuma ruwan sama yake fantsamo jar laka daga waje, saboda haka aka sa wa wurin launin da ke ɓoye datti, wanda kuma za a iya gogewa da tsumma. Haka nan launi mai haske a waje yana mayar da zafin rana, mai duhu kuwa shanye shi yake yi, ya riƙa sako wa mutanen ɗaki da dare. Mutumin Numan ko Zuru da ya shafa wa gidansa baƙi-baƙi don yayi zai ba da labari a watan Afrilu.

Ado a bango kam ba a gwangwani muka fara ganinsa ba. Magina na Zariya da Kano da Damagaram sun daɗe suna fitar da dagi da sauran zane a fuskar gida, suna yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, mata kuma suna shafe ɗaki da farar ƙasa da jar ƙasa. Majami'ar Saint Bartholomew da ke Wusasa, wadda aka gina a 1929, da ƙasa aka gina ta bisa fasahar maginan Hausa, alamar cewa masu bi na farko a ƙasar Zazzau ba su ɗauki ginin gargajiya abin kunya ba.

Ga mai shirin saye, ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi yakan ci kamar galan biyu masu lita 4 na fentin ruwa mai kyau, in za a shafa sau biyu. Sabuwar filasta kuma a ba ta wajen mako huɗu ta bushe. Bangon da danshi ke tasowa daga gindinsa, ko wane irin fenti aka sa masa zai kumbura ya ɓare, sai an fara gyara hanyar ruwa.

To, 'yan'uwa, ga inda maganar ta fi nauyi. Akwai fentin da ake sa wa dalma, domin launinsa ya yi kaifi, ya kuma bushe da wuri. An fi samun haka a fentin mai, musamman rawaya, ja, ruwan lemo da kore, wato ainihin launukan da muke so a ƙofofi, tagogi, bencina, lilo, da azuzuwan makarantar Lahadi. Fentin ruwa ba kasafai yake ɗauke da ita ba. Amurka ta hana fenti mai dalma a gidajen zama tun 1978, amma gwaje-gwajen da aka yi a kan fentin kasuwa a ƙasashen Afirka da dama, har da Najeriya, sun sha nuna dalma fiye da kima. Ma'aunin da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suke shawartar ƙasashe su kafa a doka shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan.

Ba ranar shafawa take cutarwa ba. Sai fenti ya tsufa, ya fara ɓarewa yana zama ƙura a gindin taga da bakin ƙofa, yaro mai rarrafe ya dafa, ya kai hannu baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro yana shan dalma ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, kuma babu wani adadinta da aka sani ba ya cutarwa. Sau da yawa ba a ganin alama. Yaron dai zai tashi karatu yana yi masa wuya, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne, alhali ƙwaƙwalwarsa ce aka taɓa tun yana goye, kuma irin wannan lahani ba ya gyaruwa. Mu a Arewa mun ga abin da dalma ke iya yi. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara kimanin 400 suka mutu. Can ƙurar duwatsun zinariya ce da ake niƙawa a cikin gidaje, ba fenti ba, amma gubar ɗaya ce.

Saboda haka mai saye ya duba jikin gwangwani ko an rubuta babu dalma, ya guji fentin da ake ɗurawa a gorar ruwa ba suna ba adireshi. Wanda zai kankare tsohon fentin mai kada ya goge shi a bushe, kada kuma ya ƙona shi. A jiƙa bango tukuna, a shimfiɗa leda, a fitar da yara da masu juna biyu, bayan an gama a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Kwamitin gini na kowace ikilisiya ya kamata ya sa wannan cikin sharuɗɗan da yake ba mai fenti, musamman inda akwai makarantar renon yara a harabar.

Daga bango sai fuska. A 'yan shekarun nan ba a cika yin bikin Kirsimeti na yara, ko na Ranar Yara ta 27 ga Mayu, ba a ga layin yara gaban mai zanen fuska ba. Wasu iyaye suna ƙyamar abin, suna kawo labarin Yezebel wadda ta yi wa idanunta kwalli kafin ajalinta. Amma wannan Littafin ne kuma ya faɗa mana cewa Ayuba ya raɗa wa 'yarsa ta uku suna Keren-haffuk, ma'anarsa kuwa kusan tandun kwalli ke nan. A ganina, tauraron Baitalami a kumatun yarinya ba shi ne abin tsoro ba. Abin tambaya shi ne da me aka zana shi.

Na taɓa ganin an yi wa makiyaya gemu a wasan haihuwar Yesu da alƙalamin rubutu a allo, washegari fuskokin yaran duk sun yi ja suna ƙaiƙayi. Fentin bango, fentin zane a takarda, man goge takalmi da baƙin cikin tsohon batir, duk ba na fata ba ne. Baƙin lalle mai kamawa nan take yakan ƙunshi sinadarin rina gashi, wanda ke sa wasu fata ta yi bororo har ta bar tabo. Lallen gaskiya ja ne, kuma sai an jira shi.

Kwallin dutse ma da muka gada daga kakanni, yawancinsa ma'adinin dalma ne. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida wanda iyayensa 'yan Najeriya ne. Da aka bi sawu, sai aka tarar kwallin da ake sa masa ne, wanda aka kai daga gida, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa dalma ce. Zumuntar Mata ce ta fi kowa dacewa ta kai wannan magana kunnen masu jego da kakanni.

Malamin makarantar Lahadi na iya haɗa nasa a gida: cokali biyu na sitacin masara, cokali ɗaya na man kaɗe, ɗan ruwa, da ɗigon kalar da ake sa wa kek. A raba a marafan kwalba gwargwadon launuka. A gwada a hannun yaro kwana ɗaya kafin biki. Zane mai sauƙi ya fi: tauraro, kifi, kurciya, reshen dabino, ko bakan gizon Nuhu, duk a kumatu ko goshi, nesa da ido da leɓe. Tumakin wasan kwaikwayo ɗigon baƙi a hanci ya ishe su. Kowane yaro a yi masa da sabon tsinken auduga, domin buroshi ɗaya a fuska hamsin hanya ce ta raba makero da ciwon ido, kuma wanda ke da ƙurji a zana masa a bayan hannu. Kafin a kwanta a wanke da sabulu da ruwan ɗumi, in ya ƙi fita a shafa ɗan man gyaɗa a goge. Kananzir da tina na wankin buroshin mai fenti ne.