Taya ta Uku: Neman Keken Gefe ga Tsohon Babur a Kano

Duk wanda ya gaji tsohon babur a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni, Honda Benly ne ko Roadmaster ko Basfa da ta shekara jingine a zaure, ya kuma yi sha'awar ɗaura masa keken gefe don ɗaukar dattijo ko kaya, zai tarar babu shagon da zai shiga ya ce a ba shi. Ko ya zaga masu kayan babur na Fagge da Sabon Gari, ya bi 'yan gwangwan na Ƙofar Ruwa rumfa-rumfa, abin da zai samo da wuya ya wuce taya da shokozoba da bututun ƙarfe. Keken gefe bai taɓa zama ruwan dare a nan ba. A Filifin shi ne motar hayar talaka, mu kuwa Adaidaita Sahu ce ta tare wannan gurbi tun 2005, ta ƙara kankane shi bayan hana acaɓa a Janairun 2013.

A waje kam sana'a ce mai tarihi. Kamfanin Watsonian ya fara ƙera shi a Birmingham ta Ingila a 1912, kuma har yau bai daina ba. Motar Jaguar ma daga nan ta samo tushe, domin William Lyons da abokinsa keken gefe suka fara yi a 1922 da sunan Swallow. Sai dai mai yin oda daga waje ya lura da abu guda: Ingila da Indiya hannun hagu suke tuƙi, don haka kekensu na gida a hagun babur yake. Nijeriya ta koma hannun dama tun Afrilun 1972. Keken da ke hagu zai ajiye fasinja daf da motocin da ke tahowa, shi ya sa dole a nemi na dama tun wajen ciniki.

A ganina ma ba sai an je nesa ba. Masu walda a Kano sun daɗe suna ƙara wa babura taya domin 'yan'uwanmu masu lalurar shan inna, kuma ƙungiyarsu, wadda Aminu Ahmad Tudun Wada ya yi fice wajen jagoranta, ta shahara da ƙera kekuna masu taya uku. Hannun aikin yana nan. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu ke yin sa da ido kawai, ba awo.

Kada a yarda a ɗora walda kan firam ɗin tsohon babur. Zafi yana raunana ƙarfen da ya riga ya gaji, kuma irin wannan firam in ya tsage samun wani sai an sha wuya. A yi maƙalai masu noti a wuri huɗu, biyu sama biyu ƙasa, yadda za a iya kwancewa a sake saiti. Nauyin keken ya kai kimanin kashi ɗaya cikin uku na babur.

Saitin shi ne ran aikin. Gwanin makaniki zai tsayar da babur a kan daɓen siminti marar gangara, ya shimfiɗa miƙaƙƙen katako jikin tayoyin babur, wani jikin tayar keken, ya tsuguna da tef ya auna tazarar gaba da ta baya. Ta gaba ya kamata ta gaza ta baya da kamar rabin inci zuwa uku bisa huɗu, wato tayar keken ta ɗan kalli babur. Ita wannan taya kuma ta riga tayar baya da kimanin inci 8 zuwa 10. Shi ma babur a ɗan kishingiɗar da shi hagu kaɗan. In aka kuskure, kan babur zai riƙa fizga gefe, kafaɗa ta yi tsami tun ba a kai Unguwa Uku ba, tayar baya ta cinye kafin lokacinta. A duba sifok, a ɗaure su, domin yanzu nauyi daga gefe zai riƙa dukan su. A kuma sa babban sufaket a baya don injin ya iya ja ba tare da ƙona kuloci ba.

Tuƙin ma sabon karatu ne ko ga wanda ya tsufa a kan babur. Ba a kwantawa a kwana, kai ake murzawa da ƙarfin hannu. In an ba da wuta ya ja dama, in an taka birki ya karkata hagu. Mafi haɗari ita ce kwanar dama: da gudu kaɗan tayar keken za ta ɗaga sama, musamman in babu kowa a ciki. Don haka sabon shiga ya ɗora buhun yashi a kujerar, ya koya a fili mara jama'a kafin ya tunkari cunkoson titin Zariya da mahadar Dangi. Ya kuma leƙa wajen jami'an duba lafiyar abin hawa da na KAROTA, ya ji matsayin takardunsa kafin ya ɗauki mutum.