Ƙuri'ar 1956 Da Jita-jitar 1994: Yadda Aka Mai Da Ɗan Gida Baƙo

Duk fatake da ke lodin doya daga Bimbila ko Saboba, ko masu ƙetarawa Togo ta Tatale, suna taka ƙasar da ba sarki ko soja ne ya sa ta cikin Ghana ba. Jama'a ne suka zaɓa da hannunsu.

Idan mai karatu bai manta ba, Turawa sun raba ƙasar Dagwamba biyu a 1899: Tamale ta faɗa hannun Ingila, Yandi kuma, inda Ya Na yake, ta faɗa hannun Jamus. Bayan yaƙin duniya na ɗaya Ingila ta karɓi riƙon yammacin Togo. Ran 9 ga Mayu 1956 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ido aka yi ƙuri'ar raba-gardama: a haɗe da Gold Coast, ko a ware? Mutum 93,095 suka ce a haɗe, 67,492 suka ce a'a. Yankunan Ho da Kpando a kudu sun fi son warewa, amma arewa ta rinjaye su, domin kusan huɗu cikin biyar na masu ƙuri'a a can haɗewa suka zaɓa. Da wannan ƙuri'a Yandi da Bimbila da Saboba da Chereponi suka shiga Ghana tare a 1957.

To, sai ga 1993. Ƙungiyar matasan Konkomba ta kai takardar neman a ba su babban sarki nasu a Saboba. Nan take magana ta fara yawo a tashoshin mota da rumfunan kasuwa cewa ai Konkomba baƙi ne daga Togo, kuma suna tara makamai. A can ƙauyukansu su ma ana ce musu za a kore su daga gonakinsu. Kowane ɓangare ya wasa adda saboda abin da aka ce ɗaya ɓangaren na shiryawa. Abin mamaki, mutanen da ake kira 'yan Togo, da yawansu iyayensu na zaune a wannan yanki tun kafin a yi ƙuri'ar.

A farkon 1994 gardama kan cinikin zabo ta kaure a kasuwar Nakpayili kusa da Bimbila, wuta ta kama. Shi ya sa ake ce masa Yaƙin Zabo, sunan da ni dai ban so, don yana ɓoye asalin rigimar, wato ƙasa da sarauta. Gwamnatin Rawlings ta kafa dokar ta-ɓaci a watan Fabrairu. Aƙalla mutum 2,000 suka rasu, ƙauyuka sama da 400 suka ƙone, Konkomba mazauna Tamale suka gudu. Hanyar doya ta mutu, Bahaushe mai rumfa da bai san hawa ba bai san sauka ba ya yi asarar abokan ciniki ta kowane gefe. Sai a Maris 1996 aka sa hannu kan sulhu a Kumasi.

A lokacin babu gidajen rediyon al'umma irin na yau. Na gwamnati ne kawai. Labari a bakin direba da yaran mota yake zuwa. Yanzu WhatsApp ya karɓi aikin. Nan Kukuo ta Tamale, da safe wani zai miƙo mini waya da muryar da ba a san mai ita ba, tana cewa an tare hanyar Bawku, ko mayaƙa sun shigo daga Burkina Faso. Wani lokacin gaskiya ne, wani lokacin tsohon hoto ne na wata ƙasa. A gidan rediyonmu ba ma sa irin wannan a iska sai mun buga wa mutum biyu da ke wurin, mun tambaye su rana da sunan gari. Sau da yawa kafin mu gama, 'yan kasuwa sun riga sun sauke kaya daga mota.