Wa Ke Buɗe wa Auta Ƙofa?

Sau uku cikin mako guda muna tsintar autanmu zaune a matakala ta huɗu yana washe haƙoransa biyu, alhali 'yar ƙofar katakon da ke gindin benen tana rufe, an zura sakata. Watansa 11 a duniya. Ko ya yi ɗage hannunsa ba ya kaiwa ga sakatar.

Ni na sa aka yi ƙofar. Da na ji kuɗin ta kanti, irin wadda ake tokarewa tsakanin bango biyu, sai na nufi kafintan unguwarmu a nan Kano, cikin Agusta, ruwa na tsuga. Ya haɗa ta da ragowar katako, ya ɗaure da kusoshi a bango.

Yayarsa muka fara tuhuma. Ta yi rantsuwa har da hawaye, kuma a rana ta uku tana Islamiyya abin ya faru. Muka wanke ta, na biya diyya da alawa.

Uwargida ta ce, "Maigida, anya ba ta tsakanin sandunan yake kutsawa ba?" Na ɗauko awo. Santimita 6 ne tsakanin kowace sanda da 'yar uwarta, daidai yadda ake so don kada kan yaro ya shige. Haurawa ma babu hali, don sandunan a tsaye suke, ba wurin ɗora ƙafa. Kakarsa dai tuni ta fara zancen a nemo rubutu.

Da dare na barbaɗa hodar jarirai a kan siminti da jikin ƙofar. Da safe sai ga sawun gwiwa ya miƙe zuwa kusurwar da ke ɓangaren sakata, ga shatin 'yan yatsu biyar a ƙasan sanda ta ƙarshe. Na durƙusa, na ja wurin da ɗan yatsa ɗaya. Ƙofa ta buɗe, sakata na nan a zure! Na saki, ta koma da kanta ta rufe a hankali, saboda an ɗan karkata ta wajen kafawa.

Kafinta ya zo ya leƙa ramin sakatar, ya kama haɓa. "Yallaɓai, ai hunturu ne." Ɗanyen katako ya yi aiki da shi a damina. Iskar Disamba ta tsotse danshinsa, katako kuwa ta faɗi yake tsukewa, ba ta tsawo ba. Sandar gefe ta ja baya, ginshiƙin bango ma ya ja, har bakin sakatar ya daina shiga raminsa, sai dai ya ɗan shafi baki.

Ya sa doguwar sakata, ya ƙara ƙugiya ta bayan ƙofar. Kafin ya tafi na ja shi sama ya duba ɗayar ƙofar da ke saman benen, wadda ta fi ba ni tsoro. Da katako ɗaya aka yi su. Ya tura ta da gwiwa, ita ma ta buɗe.