Gwara, baƙuwar tsakar gida a lokacin ɗari

Ƴan'uwa manoma, idan aka gama girbi aka kai dammuna rumbu, sai ɗari ya shigo da hazonsa. Ciyawar daji ta bushe, ƙwari sun ja baya. A wannan lokaci ne gwara take yawaita cikin gidaje, a gindin turmi, a wurin sussuka, da inda ake watsa wa kaji tsaba. Mutane da dama suna ɗaukar ta maƙiyiyar hatsi, har wasu kan sa mata magani. Ya kamata mu san ta sosai tukuna.

Gwara ƴar ƙarama ce, tsawonta wajen santimita 15. Kanta toka-toka ne, bayanta da fukafukanta kuwa ja-ja, mace da namiji kamarsu ɗaya. Tana yawo bibbiyu ko cikin ƴar ƙaramar tawaga, tana yin sheƙa a ramin bango, ƙarƙashin rufin ɗaki ko kogon itace. Jan-baki daban yake. Shi ne mai tasowa dubbai-dubbai kamar hadari, ya sauka a kan zangarniya tun ƙwaya tana ruwa-ruwa. Babbar ɓarnar da muke kuka da ita, ta irin wannan taro ce.

Gaskiya ne gwara tana cin ƙwaya, amma yawanci wadda ta zube ƙasa take tsinta. Idan kuwa ta ƙyanƙyashe, galibi da damina, ƙwari take kai wa ƴaƴanta: tsutsa, ƙananan fara da shinge. Tun safe har yamma uwa da uba suna kai da kawowa, a daidai lokacin da shuka take fama da ƙwarin. Wannan aiki ne da ba mai biyan ta, ba kuma mai lura da shi.

Ƙasar Sin ta ga abin da kashe irin waɗannan tsuntsaye yake jawowa. A shekarar 1958, zamanin Mao Zedong, hukuma ta ba da umurnin a kawar da abubuwa huɗu: ɓera, ƙuda, sauro da wata ƴar'uwar gwara ta can. Jama'a suka fito da ganguna da tukwane suna bugawa, ba su bar tsuntsayen sun sauka ba har suka riƙa faɗowa don gajiya. Aka rushe sheƙuna, aka fasa ƙwai. Ba a daɗe ba fara da sauran ƙwari suka cika gonaki. Daga 1959 zuwa 1961 aka yi yunwa wadda ta kashe miliyoyin mutane. Dalilanta suna da yawa, amma rashin tsuntsayen ya ƙara wa wutar itace. A 1960 aka cire ta daga jerin, aka sa kuɗin-cizo a madadinta.

Inda gwara take da haɗari shi ne wajen kashinta. A Amurka da Kanada, inda ƙanƙara take rufe ƙasa da hunturu, mutane sukan rataya ƴan akwatuna cike da tsaba a bayan gida don ƙananan tsuntsaye su samu abinci. Al'ada ce mai kyau, sai dai taro wuri ɗaya yana yaɗa cuta. A 2021, mutum 29 a jihohi 12 na Amurka sun kamu da ƙwayar cutar salmonela daga tsuntsayen daji, mai sa zazzaɓi da ciwon ciki da zawo. Da yawansu sun taɓa tsuntsayen ne ko wurin cin abincinsu. Mu ba mu rataya akwati, amma gindin turmi da kaskon ruwan kaji su ne akwatunanmu, kuma a nan ne yara suke rarrafe.

Saboda haka, uwargida ta rufe randa da ƙwaryar fura. Idan an shanya gari ko tsaki, a ɗora shi bisa, a lulluɓe da ƙyalle mai tsabta. A share gindin turmi bayan daka, a riƙa wanke kaskon kaji kullum, a kuma wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci. Maigida ya duba rufin rumbu, ya toshe duk wata kafa.

Kada a barbaɗa hatsi mai guba cikin gida. Kaji da zabi za su riga gwara tsinta, yaro ma yana iya kaiwa baki. Idan kuma aka ga tsuntsaye ko kaji suna mutuwa da yawa, kada yara su ɗauka su gasa. Mun tuna murar tsuntsaye da ta ɓulla a Magariya a 2006. A sanar da ma'aikacin kiwo mafi kusa tun ranar, kuma kada kowa ya taɓa mushen da hannu kafin ya iso.